Kwamfutar Wiebe da Idon Mem

Ƙanena Wiebe shekara talatin da huɗu ya yi a masana'antar cuku ta garinmu, kusa da Dokkum. Aikinsa shi ne ya bi rumbuna da 'yar guduma yana ƙwanƙwasa dunƙulen cuku, ya kasa kunne, ya ce wannan ya nuna, wancan da saura. In bai ce a fitar ba, ko manaja zai yi ta tsalle ba a fitarwa. A wurin aiki halin nan abin yabo ne. Mu na gida kuwa mun sha wahalarsa. Shekara biyu ya yi yana zaɓen keke. Yarinyar da ya so yana saurayi ta gaji da jiran ya gama nazari, ta auri wani mai gyaran famfo, shi kuma har yau yana zaune shi kaɗai.

Da ya yi ritaya sai ya kama ɗaukar hoto. Ya shiga wata ƙungiya ta tsofaffi shida da ke haɗuwa kowace Talata a zauren coci, su sha kofi, su yi ta musu a kan haske. Dokarsu guda ce, kuma sun riƙe ta kamar addini: ba a nuna wa kowa ɗanyen hoto. Sai an sa shi a kwamfuta, an gyara launi, an daidaita haske da inuwa, sannan idon wani ya gani.

A watan Mayu Mem, mahaifiyarmu, ta cika tamanin da biyar. Mu talatin da ɗaya muka taru a lambun gidan tsofaffin da take zaune, har da yayanmu Jelle da ya taso daga Kanada da jikokin da Mem ba ta taɓa gani ba. Wiebe ya ɗauki hoto kusan ɗari huɗu. A lokacin idonta na dama ya riga ya tafi, na hagun kuma likita a Leeuwarden ya gaya mana gaskiya: allurar da ake yi mata tana jan lokaci ne kawai. Abu ɗaya Mem ta roƙa, a wanke mata babban hoton da muke ciki gaba ɗaya, ta kalle shi tun tana iya gani.

Bayan sati biyu na je gidansa karɓa. Na same shi a teburin kicin da takardu a baje.

"Ina hoton Mem?"

"Hiske, zauna tukuna. Tsohuwar kwamfutar nan ba ta iya ɗaukar hotunan sabuwar kyamarar. Hoto ɗaya sai in dafa kofi in dawo bai gama buɗewa ba. Zan haɗa tawa da hannuna."

"Kai? Kai da ko ƙwan fitila sai ka karanta takardarsa kafin ka sa?"

"Shi ya sa tawa za ta yi kyau."

"To ka turo min shi yadda yake, in kai shago a wanke."

Ya dube ni kamar na ce ya fita titi ba wando. "Ɗanye? Fuskokin duk a dushe suke. Mem ta cancanci abin da ya fi wannan. Sati uku kawai."

Daga nan muka shiga uku. Da farko ƙwaƙwalwar kwamfutar ce: kamfani biyu ke yin ta, shi kuma ya kasa yanke wanda zai bi. Wasu maza a intanet da bai taɓa ganin fuskarsu ba suka rabu gida biyu a kan zancen. Da ya zaɓi ɗaya, sai aka ce ai sabon samfuri zai fito a watan Satumba, wauta ce a sayi na yanzu. Ya jira. Sabon ya fito, sai ga shi ba ya zama a kan babban faifan da ake dasa kayan kwamfuta, wanda ya riga ya zaɓa, aka koma farko. Sai memori, wato ma'ajiyar aikin kwamfutar, nawa zai isa. Sai katin sarrafa hoto: tsofaffin Talata suka ce na masu wasan kwamfuta ne, ba ruwan mai gyaran hoto da shi, mazan intanet suka ce tsofaffin ba su san zamani ba. Ni da ban san komai a harkar ba, sai da na haddace sunayen nan don yawan ji. Wani lokaci yana bayani ina gyangyaɗi a zaune.

A watan Oktoba Mem ta daina karanta jarida. Na gaya masa a waya.

"Na sani," ya ce. "Saura fanka. Ba na son mai ƙara."

"Wiebe, uwarka na makancewa kana maganar fanka!"

Sai ya ce, "Sau ɗaya zan yi mata shi, Hiske. Ba na so in ba ta na banza."

Ba mugu ba ne, wannan ne ya fi ba ni haushi. Da mugu ne da na zage shi na huta. Kowace Lahadi yana wurin Mem da kek ɗin lemu, yana yanke mata farce. In ta tambayi hoton ya ce yana hanya, ta ce to. Ni kuma na gaji. Na gaji da roƙo, na gaji da faɗa, har na kai ina shiga gidansa ba na tayar da zancen. Wannan laifina ne, kuma ina sane da shi.

Kayan suka iso a watan Disamba. Mutumin da ya auna komai sau goma, katin hoton ya fi akwatin kwamfutar tsawo da faɗin yatsa ɗaya. Aka mayar da akwati, aka jira wani. Sai tsofaffin Talata suka ce aikin banza ne in allon kallon ba ya nuna launi na gaskiya, aka shiga neman allo. Sai a watan Fabrairu kwamfutar ta tashi. Ya kira ni in zo in ji yadda ba ta ƙara. Na tsaya na saurara, gaskiya ba ta yi.

A farkon Maris muka kai wa Mem hoton, babba, a cikin firam. Zan faɗi gaskiya, ban taɓa ganin hoto mai kyansa ba. Kowace fuska ta fito tar, har jikan Jelle na ƙarshe, jariri, da ke hamma.

Mem ta ɗora shi a cinya. Ta kawo shi dab da hancinta, ta karkata kai gefe tana neman inda gefen idon zai kama wani abu. Ta daɗe a haka. Sai ta shafa gilashin da tafin hannu.

"Jelle yana ta ina?"

Wiebe ya durƙusa, ya kama yatsarta ya ɗora a kan fuskar Jelle. Ya bi da ita layi layi yana kiran suna, har ya zo kanta a tsakiya.

"Rigata ta fito da kyau?"

"Shuɗin ya fito daidai, Mem. Na ɗauki rigar daga kabad ɗinki, kwana uku ina gwada ta da allo har launin ya zama ɗaya."

"Au, ashe kai ne! Wata guda ina yi wa masu wanki masifa sun ɓatar min da riga." Ta yi dariya har da tari. Wiebe bai yi ba. Na juya ina kallon taga, don ni ma ban yarda da fuskata ba.

Mem ta laluba ta kamo hannunsa. "Kun yi min yawa, ɗana, na ruɗe. Sake farowa daga layin baya, a hankali. Ka riƙa gaya min wanda ke dariya."

Ya share hanci da bayan hannu, ya mayar da yatsarta can kusurwar sama, ya sake farawa.