Na Hana Maigidana Sauka Daga Kan Keke

A shekarun da Turawa ke yaƙinsu, ni mace ce mai goyon fari a wani ƙauye tsakanin Buza da Keita. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don jikokin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, wasu ma sun auri juna. An san ni da baki tun ina budurwa. Magana ba ta kwana a cikina, kuma in na faɗe ta ba na komawa in gyara. Sai da na yi jikoki na shiga karatun manya na koyi riƙon alƙalami, kuma tun ranar da na iya haɗa baƙaƙe na san wanga labari ne zan fara rubutawa. Shekaru da yawa na riƙe shi ni kaɗai.

Maigidana wanzami ne, mutum mai sanyin hannu da sanyin magana. Rani uku ya yi yana zuwa cin rani kudu, a na ukun ya dawo da baƙin keke mai ƙararrawa. Duk yankinmu, in ka cire na malamin likita da ke Buza, babu wani keke sai nasa. Yakan ɗaure zabirarsa a baya ya bi kasuwanni, yau Tabotaki, jibi Buza, wani lokaci har Babankatami, yana aski da ƙaho. In ya dawo da la'asar, daga gindin gawon da ke bakin gari yake kaɗa ƙararrawa sau biyu, ni kuwa sai in ɗauko ƙwarya in fara dama fura. Kafin ya jingine keken a zaure na gama. Yakan kira ni ɗiyar sarauta in yana son tsokana, ni kuma in ce mishi mai aska. Ban taɓa gaya mishi ba, amma duk abin da nake yi da la'asar, kunnena yana wajen gawon nan.

Hanyar motar da ta ratsa kusa da mu, mazajenmu sunka yi ta da aikin tilas. Maigidana rani biyu yana ɗaukar duwatsu a ka, har tsakiyar kansa ta saɓule, gashi bai sake fitowa a wurin ba. Yakan yi dariya ya ce shi ne wanzamin da hanya ta yi wa aski. Da anka gama hanyar sai anka kafa doka, in mota ta taho, mai tafiya ƙasa da mai jaki da mai raƙumi kowa ya kauce ya bar hanya, in motar kumandan ce, Baturen da ke mulkin yankin, har da cire hula. Tun ana yi don tsoron gardi, dogaran kumandan, har abin ya zame wa mutane jiki. Daga baya wani attajiri na Madawa ya sa kamiyonsa, babbar motar kaya, yana bin hanyar ranar kasuwa, yana kwasar hatsi da fatu, mutane kuma a saman kaya. Shoferan ɗan yankinmu ne da ya je soja ya koyo tuƙi.

Ana nan sai maigarinmu ya rasu. Baffana, ƙanen mahaifina, ya nemi rawanin, wani ɗan'uwansu na ɗaya gidan sarautar shi ma ya nema. Anka yi ta kai da kawowa wajen sarki da kumandan, a ƙarshe anka naɗa wancan. Gari ya rabe biyu. Ko a rijiya, matan gidanmu gefe guda suke ja, nasu gefe guda. Shoferan nan kuwa ƙanwar sabon maigari yake aure, a ƙofar gidansu yake tsai da kamiyo kowane mako, a fito mishi da ruwa da tabarma kamar wani hakimi. Maigidana bai shiga rigimar ba. Yana aske baffana da safe, ya aske sabon maigari da hantsi. In na yi mishi faɗa sai ya ce shi kai yake gani, ba ya tambayar rawanin da zai hau shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haɗuwarsa da kamiyon a hanya. Tun daga nesa shoferan zai danna ƙahon mota ya ƙi saki. Maigidana sai ya diro, ya ja kekensa cikin ƙaya ya tsaya, mutanen saman kaya suna dariya suna ɗaga mishi hannu. Ya dawo gida rigarsa duk ƙarangiya, tayar keke ta sace, ga shi lokacin yaƙi ba a samun sabuwa, sai faci kan faci. Ni ke zama in cire ƙarangiyar ɗaya bayan ɗaya, ina cirewa ina zagi. A rijiya matan ɗaya gidan sunka samu abin yi. Wata ta tambaye ni ko mijina ya gaida kamiyo yau. Wata ta ce kekenmu ya fi raƙumi iya durƙusawa. Ita matar shoferan, ranar da ta ƙure ni, ko kallona ba ta yi ba, tana jan guga ta ce baffana ya sauka daga sarauta, mijina yana sauka daga keke, mu dai gidanmu kowa sauka ya iya. Na jefar da tuluna na shaƙe ta, sai da tsofaffi sunka raba mu.

Cikin wannan hali labari ya iso cewa an soke aikin tilas, kuma ba a sake tilasta wa kowa cire hula a hanya. Maza sunka fara maganar ƙuri'a a gindin itace. Ni abin da na ji a ciki guda ne, wato yanzu mijina ba shi da sauran hujja. Ranar wata kasuwar Buza da safe, yana zaune a tsakar gida yana wasa asake, na tsaya a kansa. Na ce shi ya ɗauki duwatsun hanyar nan da kansa, ga shaida a tsakar kansa, don mi zai bar ta ga wanda ko tsakuwa bai ɗauka ba. Na ce shoferan talaka ne irinsa, ba kumandan ba. Ya ce mini kamiyo ba doki ba ne, ba ya tsayawa don an ja mishi linzami. Na ce ƙarya ne, duk abin da mutum ke kora mutum na iya tsai da shi, ni da idona nake ganin kamiyon yana tsayawa daidai ƙofar gidan maigari kowane mako, bai taɓa zarcewa ko da taki ɗaya ba. A lokacin ban taɓa shiga mota ba. Jaki na sani, da doki da raƙumi, kuma kowannensu in ka ce ya tsaya zai tsaya. Na ce in ya sake dawowa da ƙarangiya a riga, ya wuce da ita gidan maigari matar shoferan ta cire mishi. Sannan na faɗi maganar da har yau take ƙona ni, na ce da na ɗauka namiji na aura.

Bai ɗaga murya ba. Ya gama wasa askarsa, ya gwada ta a gashin hannunsa, ya maida cikin zabira. Ya yi ɗan murmushi ya ce ɗiyar sarauta ta yi magana, an ji. Ya taɓa kan ɗiyarmu da ke bayana, ya ce in dama furar da kauri yau. Da ya kai gindin gawo na ji ƙararrawa sau biyu, abin da bai saba yi ba in zai fita. Ban ko ɗaga kai ba, don fushi nake.

Akwai wani gangare a hanyar, inda ake saukowa daga tudun dutse zuwa kori, wato busasshen rafi. Hanyar ta matse a wurin, dutse a hannun dama, kwazazzabo a hagu. A nan kamiyon ya cim mishi wajen dawowa, cike da buhunan hatsi da mutane. Waɗanda ke sama sun ce tun daga kan tudu shoferan ke danna ƙaho, su ma suna ihu. Maigidana bai sauka ba, bai kauce ba, bai ma waiwaya ba. Hannu ɗaya kawai ya ɗaga sama, ya ci gaba da tafiyarsa a tsakiyar hanya. Shoferan ya karkata wajen dutse har gefen kamiyon ya goge shi, amma bayan motar ya maka keken.

A kan gadon kara anka kawo mini shi bayan la'asar, furar tana nan a rufe. Yana da sauran numfashi. Baffana da samarin gidanmu sun cika tsakar gida suna cewa za su ƙone kamiyon, ya yi musu alama da hannu su bari. Sannan ya neme ni da ido, na duƙa, ya ce in duba rigarsa, yau babu ƙarangiya ko ɗaya. Ba da gori ya faɗa ba, kamar mai kawo tsaraba ya faɗa. Kafin magariba ya cika.

Abin da na yi bayan haka shi ne laifina na biyu. Mutanen gidanmu sunka ɗauki mutuwarsa sunka mai da ita makami, sunka ce maigari ne ya sa anka taka shi don a wulaƙanta gidanmu. Anka kai ni Buza gaban kumandan da tafinta, na ce shoferan ya daɗe yana farautar mijina, da gangan ya yi. Ban faɗi ko kalma ɗaya daga abin da na ce da safiyar nan ba. Anka ɗaure shoferan, anka raba shi da tuƙi, matarsa ta koma gidansu. Rawanin dai bai dawo gidanmu ba. Bayan 'yan shekaru ma baffana da maigari sunka shirya, sunka haɗa 'ya'yansu aure, anka yi kiɗa kwana uku. Ni ina ɗaki da ɗiyata da ƙararrawar keke, wadda ita kaɗai ta fita daga keken ba lanƙwasa.

Sai da ɗiyar nan ta girma ta yi aure a Madawa, za ta haihu, na fara shiga mota a rayuwata. Don ganin furfurata anka sa ni gaba kusa da shofer. Da munka kai gangaren nan, wani jaki ya tsaya a tsakiyar hanya can ƙasa. Na ga shoferan ya taka birki da duk ƙarfinsa, har ya tashi daga kujera, jijiyar wuyansa ta fito, yana salati, kamiyon kuwa yana ta tafiya abinsa kamar ba a yi mishi magana ba. Sai da munka wuce inda jakin yake da nisa, bayan mai shi ya ja shi gefe, sannan munka tsaya cikin yashin kori. Kowa ya sauka yana hamdala, ni na kasa tashi. Sun ɗauka tsoro ne. Maganar maigidana ce ta dawo mini, ta ranar da yake wasa askarsa.

A Madawa na yi cigiyar tsohon shoferan, na same shi a bakin tasha yana sai da goro, ido ɗaya ya mutu. Na durƙusa na gaya mishi komai, har maganar da na yi wa mijina da ƙaryar da na yi a Buza. Da na gama ya ce shi ma yana da nasa. Ya ce a kan fili, inda babu wani haɗari, ya sha danna ƙahon nan don kawai mutanen sama su yi dariya, surukansa su ji daɗi. Ranar da ya danna shi da gaske, yana roƙon bawan Allah ya kauce, yaya za a yi ya gane ta bambanta da sauran ranaku? Ya ce har yau in ya rufe ido yana ganin hannun nan a sama. Munka yafe wa juna, ya ƙulla mini goro biyu, na karɓa.

Yanzu hanyar ta cika da motoci da kekuna da babura, ina jin samari suna gardamar wa ya fi iko da ita. Ku masu tuƙi, kada ku mai da ƙaho abin wasa ko abin cin mutunci, akwai ranar da za ku so a gaskata shi. Ku masu keke, kaucewa ba ta rage muku komai, ƙarfe bai san wanda ya ɗauki duwatsun hanya ba. Masu neman sarauta da ƙuri'a kuwa za su shirya su ci tuwo tare, wanda ya mutu dominsu ba ya cikin masu wanke hannu. Ku kuma 'yan'uwana mata masu baki irina, kada ku tura mutum inda ba ku taɓa sa ƙafa ba don huce gorin rijiya. Gawon nan ya faɗi tuntuni, amma har yau in la'asar ta yi na ji ƙararrawar keke a waje, hannuna kan nufi ƙwarya kafin in tuna. Da a ce zai shigo, da na zauna na cire mishi ƙarangiyar duniya duka ban ce uffan ba.