Littattafan da Wuƙa Ba Ta Taɓa Ba

Shekarar da na gama makarantar tsakiya, mu biyar a ƙauyenmu kusa da Wad Haddad muka sa gasar karatu: wanda ya fi karanta littattafai kafin a gama tsinkar auduga shi ne gwani. Duk wanda ya shiga Wad Madani sai ya dawo da sabon littafi bugun Masar, ya adana a akwatinsa na ƙarfe.

Ina fama da na huɗu, sai ɗan baffana, wanda ya girme ni, ya ce ya gama tara. Tara! Mutumin da muke yini tare a hawasha, gonar audugarmu, wanda da an yi azahar yake miƙewa a inuwa yana minshari. In na tambaye shi labarin wani littafi, sai ya faɗi farkonsa ya ce in karanta sauran da kaina.

Littattafan wancan zamani kuwa da shafuka a haɗe suke zuwa, sai ka sa wuƙa ka raba bakinsu kafin ka karanta. Ran Juma'a na je aro wurinsa, ya ce in buɗe akwatin in zaɓa. Duka taran, shafukan farko kawai aka raba.

Na rufe akwatin na fito. Da la'asar muka taru a bakin magudanar ruwa, ya fara cika baki. Na zaro wuƙata na miƙa masa a gaban kowa.

"Yaya, riƙe wannan. Littattafanka tara suna jiran ta."