Sunayen da ke Kan Murfin Akwati

'Yan shekaru bayan samun 'yanci aka turo ni ofishin gandun daji na Birnin Gwari a matsayin ƙaramin akawu. Abin da na fara tararwa shi ne akwatin katako cike da katuna, kowane kati fili ɗaya ne a dajin, gefensa duk huji. In kana neman wasu filaye, sai ka zura tsinken ƙarfe a hujin da ya dace, ka ɗaga, ka girgiza. Wasu su zube, wasu su maƙale. Da haka ake tantance inda za a bai wa masu yankan katako da inda ba za a taɓa ba. Kuskuren tsinke ɗaya ya isa a kwantar da ɗorawar da wani gida ke ci da ita.

Baturen da ya tafi ya bar hanyoyin binciken da sunaye irin su "Ta Ɗaya" da "Ta Bakwai", ma'anarsu kuma ta bi shi gida. Babban akawunmu, wani dattijo Bagwari daga Damari, shi ya zauna yana sake musu suna ɗaya bayan ɗaya, yana mannawa a murfin akwatin.

Ni fa abin ya ishe ni. Mutum ya kwashe yini uku a kan suna guda! Kuma sunayen dogaye: "Cire filayen da ke da gona, riƙe sauran."

"Baba, wannan ai ba suna ba ne, wasiƙa ce," na ce masa.

"Malam, ba don ni nake yi ba," in ji shi. "Ni na riga na sani. Don wanda zai zo yana sauri, ba wanda zai tambaya."

Yana da gwaji. Duk sunan da ya rubuta, sai ya kira Bafulatanar da ke kawo mana nono, ya karanta mata, ya ce, "Me zai rage a hannuna?" In ta ɗan yi jim, ya yage takardar. Na sha dariya a ɓoye, ina cewa mai nono ta zama shugabar ofis.

Da rani ya kwanta ciwo, aka kai shi asibiti Kaduna. Sati bai cika ba takarda ta iso: ana son jerin filayen sara na yankin Kusasu kafin azahar, direba na jira a waje yana ta danna oda. Ban taɓa yi ni kaɗai ba. Wallahi na tsorata. Na dubi murfin. "Cire filayen da ke da gona." Na cire. "Cire masu ɗorawa da kaɗanya, mayar da su akwati." Na mayar. "Riƙe waɗanda itacensu ya isa sara." Ko sau ɗaya ban tsaya ina tunanin wane tsibi ne nawa ba. Kamar yana zaune gefena yana faɗa mini.

Ranar shafa wa itatuwan da za a sare fenti na bi motar zuwa Kusasu. Wata tsohuwa ta kafa kujerarta a gindin ɗorawarta tun safe, ta ƙi motsi, idonta a kan gwangwanin fentin. Ma'aikata suka duba takarda, suka wuce ɗorawar.

Ta kama hannun rigata. "Ɗana, kai ne ka hana?"

Na so in ce ni ne. Kunya ta hana ni, don na tuna dariyar da na yi masa.

"A'a, Iya. Wani dattijo ne, yana asibiti."

"To ka kai masa wannan." Ta kwance daddawa ƙulli uku daga bakin zanenta.

Na kai Kaduna ranar Asabar. Na tarar ya rasu, an ɗauke shi zuwa Damari tun Alhamis, har an binne shi.