Wa Zai Zuba Mini Ruwa, Hanatu?

Ranar Talata, 17 ga watan Yuni, 2025, ina tsakiyar awon masu ciki aka bugo mini waya daga Gusau cewa Allah Ya yi wa abokiyar aikina, Hanatu Mamman 'Yandoto, rasuwa bayan ta sha jinyar ciwon ƙoda. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Na ajiye wayar na ƙarasa awon, Hanatu, don na san ba za ki yafe mini ba in na bar mata zaune a benci.

Mu biyu ne ungozomomi a ɗan asibitinmu na ƙasar Bungudu, inda famfo ya daɗe da zama ado. Abin da muke da shi buta ce shuɗiya da sabulu. Ke kika kafa dokar cewa ba mai wanke hannu ita kaɗai, domin hannun da ya taɓa mara lafiya in ya kama buta ya ɓata ta. Sai ɗaya ta zuba, ɗaya ta wanke, kafin a taɓa mai naƙuda da bayan an taɓa ta. Tun ina ƙunƙuni har na saba. Ko na ce ai na sa safar hannu, kallo ɗaya kike mini in miƙo hannuwa.

Ba ki raga wa kowa ba. Wata kaka ta taɓa shigowa daga gona da guɗa, za ta karɓi jikanta, kika tare ta da buta kina dariya: "Inna, wanga hannu ina yah hito? Angon naki bai son ƙasa." Ta wanke tana zaginki, tana sa miki albarka. Da haka ruɓewar cibiya da zazzaɓin jego suka yi mana sauƙi, har matan garin Rawayya suka riƙa nemanmu.

Abin da mutane ba su sani ba, a bakin butar nan muka yi duk hirarmu ta duniya. A nan na gaya miki rasuwar mijina ta fi ƙarfina. Sai kika ci gaba da zuba ruwa har na gama kukana.

Da aka kawo gawarki Tsafe wajen danginki, na roƙi 'yan'uwanki masu wanka su bar mini zuba ruwan. Da aka zo kan hannuwanki na zuba a hankali, yadda kike so.

Bokiti mai famfo da kika daɗe kina nema ya iso bayan an yi bakwai. Yana aiki lafiya, da gwiwar hannu ake rufe shi. Yanzu mutum zai iya wanke hannunsa shi kaɗai, haka kuwa nake yi. Ban fasa ba ko sau ɗaya, amma kewa ta ishe ni. Jiya na tsinci kaina tsaye da kumfa a hannu, na miƙa su gefe ina jira.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Shehu, da 'yarki Hafsatu, da dangi na 'Yandoto da Tsafe. Allah Ya ba su haƙuri, Ya haɗa da ni. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ke da kika ƙare rayuwa kina zuba wa mutane ruwa, Allah Ya wanke ki tas daga kurakuranki. Amin.

Hussaina Jibril, Bungudu