Gefen Kunnen Jaririya

Ƙamshin kunun kanwa ne ya dawo mini da abin, makon jiya, a ɗakin mai jego. Ban tabbata na tuna komai daidai ba, amma ga abin da ya rage mini.

A gidanmu na Kinkinau, duk jaririn da aka haifa, gwaggo ce take fara karɓarsa. Sai ta kai shi bakin taga ta lanƙwasa kunnensa. Jarirai duk jajaye suke zuwa, in ji ta, a gefen kunne launin gaskiya yake ɓuya. Da damina aka haifi ƙanwata, ruwa na dukan kwanon rufi. Gwaggo ta duba, ta ce wa innarmu, "Sai haƙuri, wannan gindin tukunya ce." Mata suka kwashe da dariya.

Ba zan ce an zalunce ta ba. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya rage mata tuwo. Sai dai idan baƙi sun zo, ni ake aika da ruwa, ita tana madafa. Ranar biki ni ce a gaban hoto. Tana sakandare ta fara shafa man bilicin a ɓoye. Fuskar ta yi haske na ɗan lokaci, daga baya kumatun suka ƙone. Yanzu da niƙabi take fita, mutane suna yaba mata riƙon addini.

A jami'a na karanta aikin wani malami da ya daɗe yana nazarin wariyar launin fata. Abin da na fahimta, idan ban yi kuskure ba, wariya ba sai da doka take rayuwa ba. Yadda ake raba wa yara aike ma ya ishe ta. Na amsa tambayoyi a kan ƙasashen Turawa, na ci jarrabawa, gidanmu bai zo mini a rai ba.

Ƙanwar tawa ce mai jegon. Gwaggo ta tsufa, idonta ya yi rauni, sai ta miƙo mini jaririyar. "Ke 'yar boko, duba mana kunnen."

Na ja hula na rufe kunnen, na ce ana sanyi. Na ɗauka na yi wani abu.

Da 'yan barka suka watse, na koma ɗaukar mayafina. Na tarar da ƙanwata a bakin taga riƙe da jaririyar, ta cire mata hular da kanta.