Jirgin da Bai Taɓa Ruwa Ba

Yayana Azariya makanikin jirgin sama ne a soja har ya yi ritaya. A bakin Tafkin Chadi ya ƙare aiki, kuma abin da ya gani can ya hana shi sakat bayan ya dawo Kafanchan. Ya ce ciyawa kan naɗe injin kwalekwale a tsakiyar ruwa, 'ya'yan mutane su tsaya cak ana harbinsu, jirgin sama kuma ba wurin sauka. Sai ya ƙudurta ƙera jirgin da zai taso daga kan ruwa ya riƙa tafiya dab da shi, iskar da ta matse ƙarƙashin fiffike tana ɗauke da shi.

Ni ce ƙanwarsa Afiniki, ni ke masa girki tun rasuwar matarsa, saboda haka ni na sha ƙarar guduma. Da kwanon rufi da injin babur ya haɗa ƙaramin samfuri, tsawon bencin coci. Na ce, "Yaya, wane teku gare mu a Kafanchan?" Dariya kawai ya yi. Ba ya cika baki. Da kansa yake cewa irin wannan jirgi ba ya shiri da igiyar ruwa, ba ya juyawa da sauri, ƙila ma ba zai amfani soja ba. Abu ɗaya yake so: a ɗora shi kan ruwa mai faɗi gaban wani hafsa, a ga ko zai tashi.

Sai ga Martins, abokinsa tun bariki, wanda ya tsaya masa ranar aure, yanzu mai gidan abinci a Jere. Ya ce ya san wani Kanar. "Amma Sajan, fara kawo shi coci ranar godiyar kaka a sa masa albarka. Na yi magana da dattawa."

Ƙarya yake, ba wanda ya yi wa magana. A wurinmu kuwa, duk abin da aka ajiye gaban bagadi ran nan ya zama na Allah, bayan sujada a yi gwanjonsa. Ina can bayan coci da matan zumunta kan tukunya, Yaya ya ajiye jirginsa tsakanin buhunan citta da doya. Da mai gwanjo ya dafa shi, Yaya ya miƙe. Martins ya yi masa alama da hannu ya zauna, sannan shi Martins ɗin ya taya, ya saye. Wa zai buɗe baki gaban ikilisiya ya ce a mayar masa da abin da ya ba Allah? Shi bawan Allah ma ya ɗauka ceto aka yi masa. Da hannunsa ya taya ɗaure jirgin a bayan motar Martins, yana godiya.

Damina ta zo ta wuce, kullum Martins sai ya ce Kanar ya yi tafiya.

Ranar da za mu biki Abuja, motarmu ta tsaya a Jere. Ga jirgin can saman ƙofar gidan abincin Martins, an shafe shi da jan fenti, an kafe shi kan sandar ƙarfe. Martins ya fito yana washe baki. "Sajan, ka ga yadda yake jawo mini kwastoma? Gaskiya zan faɗa maka, ba Kanar ɗin da zai saurari wannan."

Raina ya ɓaci, na wanke shi tas gaban masu cin abincinsa, ban kuma yi nadama ba. Yaya ko kallonsa bai yi ba. Ya ɗaga kai yana duban inda sandar ta shige.

"Ka huda cikinsa, Martins," in ji shi a hankali. "Ko an sauko da shi yanzu, nutsewa zai yi."