Harshen Birkin da Aka Guntule

Shekara talatin ke nan Mai Kunne yana gyaran birki a rumfarsa ta bayan tasha, kuma ba a banza sunan ya bi shi ba. Mota na shan kwana zai leƙo daga ƙarƙashin wata ya ce, "Na hagu ya cinye." A kwance taya, a tarar haka ne. Yakan wuni cikin baƙin mai ko a jikinsa, amma aikin algus tashin zuciya yake sa shi. Abu biyu yake taƙama da su a duniya: kunnensa, da 'yarsa tilo mai shekara bakwai, wadda ya samu bayan ya fid da rai.

Ƙaninsa, Auta, shi ke kai yaran unguwa makaranta a wata tsohuwar bas. Kullum da safe Mai Kunne zai tsaya a ƙofar gida riƙe da hannun yarinyar, ya kasa kunne har bas ɗin ta tsaya. A jikin takalmin birki akwai ɗan harshen ƙarfe, wanda in takalmin ya siɗe sai ya goga farantin taya ya yi ta tsuwa, don a san lokacin canji ya yi. Mai Kunne ya taɓa jin tsuwar nan a bas ɗin, ya wanke Auta tas. Washegari shiru.

"Na canza, Yaya," in ji Auta.

Wata huɗu yana ɗora 'yarsa da hannunsa a kan wannan shirun.

Ran nan bas ta yi faci daidai rumfar, Mai Kunne ya kafa jak ya zare tayar. Sai ya yi tsaye da sifana a hannu. Takalmin bai fi kaurin farce ba, farantin ya ƙone ya yi kwari-kwari. Harshen kuwa an guntule shi da filaya, ga sawun haƙoranta nan ɓaro-ɓaro. Ya juya ya tofar da yawu.

"Wane ɗan iska ne ya yi wannan?"

Auta ya sosa ƙeya. "Haba Yaya, ai tana tsayawa. Kai ne kullum ka tsare ƙofa kana saurare kamar alƙali. Na gaji da faɗa ne."

Ashe kunnensa aka yi wa aikin, ba motar ba. Kuma ciki ɗaya suka fito! Ƙyamar da ta kama shi ta fi ƙarfin zagi. Ya sa sababbin farantai da takalma, ya ɗaure kowane noti da kansa, bai ƙara kallon Auta ba.

Da safe bas ta tsaya lafiya lau, ba ƙara. Mai Kunne ya saki hannun yarinyar, ya durƙusa da farar rigarsa a bakin kwata, yana haska bayan taya da tocila. Yara suka yi ta dariya ta taga.

"Baba, ba ka ji ba ne?" ta tambaye shi.

"Na ji, uwata," ya ce. "Tsaya dai in gani."